Ku Tambayi Injiniya: Ƙarfen tankin matsi da matsalar sanyi

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo kan abu ɗaya suke zagayawa, wato ƙarfen kabon da ake ƙera tankunan matsi da shi da yadda yake yi idan sanyi ya kama shi, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya. Wasu na rage musu tsayi amma ban taɓa ma'anarsu ba. Duk inda kuka ga lamba da ƴar sanda a gabanta kamar -29, digiri ne ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina aiki ne a wajen ƙera tankuna, an bamu aikin tankin furofen, a zane an rubuta MDMT -45, wato mafi ƙanƙantar zafin da aka yarda ƙarfen ya kai yana ɗauke da matsi, kaurin jikinsa milimita 25. Mun kawo farantin SA-516 giredi 70, satifiket ɗinsa ya nuna ƙarfin ja ya ma wuce abinda ake nema, amma insifekta yace kar a taɓa shi wai babu gwajin Charpy kuma ba a masa nomalaizin ba. Ƙarfen nan fa mai kyau ne, ko dai kawai so yake ya wahalar damu?
Daga wani mai ƙera tankuna

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Insifektan nan gode masa ya kamata kayi, wallahi taimakonku yayi. Abinda satifiket ɗinku ya nuna shine in aka kama ƙarfen nan aka ja shi a hankali, cikin ɗumin ɗaki, babu ko ƙwarzane a jikinsa, zai ɗauki nauyi kaza kafin ya tsinke. Toh amma tanki ba haka yake rayuwa ba. Tanki akwai walda a jikinsa, akwai ɗan ramin da sandar walda ta bari, akwai kusurwar da nozul ya shiga jiki, wani lokacin akwai ƴar tsagar da ko hoton X-ray bai kama ba. Tambayar da gwajin Charpy yake amsawa daban ce: idan akwai tsaga, ga sanyi, ga matsi, ƙarfen zai miƙe ya lanƙwashe ya riƙe tsagar a inda take, ko zai bar ta ta ruga?

Ka ɗauki yadi ka ja shi da hannu biyu, ba zai yage ba. Ɗan tsaga bakinsa da almakashi ka sake ja, sai kaji fyaat ya tafi har ƙarshe. Ƙarfen kabon idan yana da ɗumi danƙo ne da shi, bakin tsagar sai ya dakushe ta tsaya, ka ga tankin ya ɗan kumbura ko ya fara yoyo, a samu damar kashe komai a gudu. Da sanyi ya kai wani mataki sai danƙon nan ya tafi, gautsi ya shigo, saboda yadda atom suke jere a cikin irin wannan ƙarfen basa iya zamewa kan juna da sauƙi cikin sanyi, maimakon ya miƙe sai ya rabe. Karyewar gautsi bata sallama, babu kumburi babu yoyo, tsagar tana keta faranti cikin ƙiftawar ido, kuma tana iya faruwa a matsin da bai kai wanda aka ƙera tankin ya ɗauka ba. Abinda yafi ɗaga hankali kenan a lamarin.

Duniya ta koyi wannan ne da tsada. A watan Janairun 1943 wani sabon jirgin dakon mai, Schenectady, yana ɗaure a tashar Portland ta Amurka, ruwa a kwance babu igiya, kawai ya rabe gida biyu. Jiragen Liberty da aka yi ta haɗawa da walda a yaƙin duniya na biyu da yawa sun tsage a ruwan sanyi. Da farko walda aka ɗora wa laifi, sai binciken Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ya nuna ƙarfen ne da kansa yake komawa mai gautsi a wannan sanyin, ita walda abinda tayi shine ta mayar da jirgin ya zama ƙarfe ɗaya tilo, tsaga ta samu hanya babu mai tare ta.

Yanzu mu dawo kan farantinka. Dokar ASME, wato ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, sashe na VIII kashi na 1, a sakin layin UCS-66 ta raba ƙarafa zuwa layi huɗu, A da B da C da D. A shine mafi rashin jure sanyi, D shine gwani. Kana duba kaurin ƙarfenka, ka duba layinsa, sai ya baka sanyin da zaka iya kaiwa ba tare da gwaji ba. A kauri milimita 25, layin A yana tsayawa wajen digiri 20 sama da sifili, B wajen -1, C wajen -19, D wajen -34. SA-516 giredi 70 da ba a masa nomalaizin ba a layin B yake, kaga kenan naka -1 ne iyakarsa. Akwai wani sassauci a UG-20(f) da zai iya kai irin wannan kaurin zuwa -29 idan an cika sharuɗɗa, ciki har da yin gwajin ruwa, wato a cika tankin da ruwa a ɗora masa matsi, amma kai -45 ake nema, tazarar tayi yawa.

Nomalaizin kuwa ba wani tsafi bane, gasa farantin ake yi ya kai wajen digiri 900 sannan a bar shi ya huce a iska, ƙwayoyin cikinsa su zama ƙanana, su kuma ƙananan ƙwayoyi tsaga tana wahala kafin ta ratsa su. Da an masa sai ya tsallaka daga B zuwa D. Ka lura ko da hakan -34 bai kai -45 ba, dan haka ko dai a saya wanda aka masa nomalaizin kuma aka gwada shi a -45 ko ƙasa da haka, ko mai zane ya zauna yayi lissafin ragin da doka ta yarda, misali gasa tankin bayan walda alhali doka bata wajabta ba yana bada ragin digiri 17. Ni dai shawarata a tankin furofen a sayi wanda aka gwada, hankalin kowa yafi kwanciya, lissafin sassauci a bar shi ga wanda zai sa hannu a zanen.

Kauri kuma kar ka ɗauka kariya ce. Farantin nan na layin B in ya kai milimita 50 iyakarsa wajen digiri 17 ne sama da sifili, saboda a tsakiyar ƙarfe mai kauri bakin tsaga a matse yake ta ko ina, babu inda zai motsa ya miƙe.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Ɗaliba ce ni a fannin injiniyan kanikanci. A littafi ɗaya naga ana buƙatar jul 20, wani yace 27, a takardar bututu kuma naga 18. Wanne ne daidai? Kuma dan Allah yadda ake gwajin Charpy ɗin kansa.
Daga wata ɗaliba

AMSA: Ƙanwata duka daidai ne, kowanne da gidansa. Bari in fara da gwajin. Sunan wani Bafaranshe ne, Georges Charpy, wanda ya gabatar da tsarin a 1901. Ana yanko ɗan sandan ƙarfe milimita 10 sau 10, tsayi 55, a tsaga masa ƴar V a tsakiya mai zurfin milimita 2. Sai a tsoma shi cikin ruwan sanyaya, galibi barasar ɗakin gwaji da aka sanyaya, ya zauna aƙalla minti 5 a zafin da ake so. Da an ciro shi da hantsaki a ɗora a kan inji, cikin daƙiƙa 5 dole a sake guduma mai lilo ta doke shi ta bayan tsagar, in an wuce haka ya fara ɗumama gwajin ya lalace. Gudumar ta karya shi ta wuce ta haura ɗaya gefen, iya yadda ta kasa komawa tsayin da ta taso shine ƙarfin da samfurin ya shanye, shi ake rubutawa da jul. In kika ɗauki gutsuren kika duba, mai danƙo fuskarsa dishi-dishi ce, gefensa ya bultso, wani ma baya rabuwa gaba ɗaya. Mai gautsi kuwa fuskarsa a shafe take tana ƙyalli, ki haɗa biyun su zauna daram kamar basu karye ba.

Guda uku ake karyawa a ɗauki matsakaici. A UG-84 na ASME mafi ƙaranci jul 20 ne ga ƙarafa masu matsakaicin ƙarfi, yana hawa idan ƙarfin ko kaurin ya ƙaru, kuma ba a yarda ko ɗaya cikin ukun ya faɗi ƙasa da kashi biyu cikin uku na abinda ake nema ba. 27 ɗin da kika gani yawanci na Turai ne, EN 13445 da dokar kayan matsi ta Tarayyar Turai. 18 kuma na bututun SA-333 giredi 6 ne wanda ake gwadawa a -45, matsakaici 18, ɗaya kar ya gaza 14. Filanji, wato zoben da ake haɗa bututu da shi da kusoshi, na SA-350 LF2 aji na 1 nasa 20 ne da 16 a -46.

Abinda nake so ki riƙe shine lambar jul ita kaɗai bata da amfani sai an faɗi a wane sanyi aka same ta da girman samfurin. In ƙarfen siriri ne ana yanka ƙaramin samfur, 10 sau 7.5 ko 10 sau 5, abinda ake nema ma ya ragu daidai da haka. Jul 100 a ɗumin ɗaki bai gaya miki komai ba game da -45.

TAMBAYA: Injiniya ni ofareta ne a masana'antar gas, inda muke ko a lokacin sanyi bamu taɓa ganin digiri 10 ba. Amma allon jikin tankunanmu an buga MDMT -46. Wannan ba ɓarnar kuɗi bace? Ai mu ba a ƙasar ƙanƙara muke ba.
Daga wani ofareta

AMSA: Wannan tambayar taka ita tafi damuna cikin duka, domin irin wannan tunanin yana kashe mutane, kuma ba kai kaɗai kake yinsa ba. MDMT ba sanyin gari yake nufi ba, sanyin jikin ƙarfen ne, mafi ƙanƙantar zafin da aka yarda ƙarfen ya kai yana ɗauke da matsi. Shi kuma ƙarfe babu ruwansa da ko sanyin daga iska ya zo ko daga abinda ke cikinsa.

Furofen a cikin tanki ruwa ne saboda matsi ya danne shi. Ranar da bawul ya buɗe ko aka sauke matsin da gangan, ruwan zai fara tafasa, tafasar nan kuma zafi take ja daga jikinsa da jikin tankin, in matsin ya sauka gaba ɗaya furofen yana kaiwa -42. Amoniya -33, furofilin wajen -48, etilin wajen -104. Kai da kake wurin tabbas ka taɓa ganin bututu bayan bawul yayi fari fat da ƙanƙara da tsakar rana, toh abin kenan. A wannan lokacin matsi yayi ƙasa, dan haka sau da yawa tankin yana tsira, doka ma ta san da haka, akwai ragin da take bayarwa idan nauyin da ke kan ƙarfen bai kai wanda aka ƙera shi dominsa ba. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka yi gaggawar mayar da matsi, ko aka turo abu mai zafi, alhali ƙarfen bai dawo daidai ba.

Abinda ya faru kenan a Longford, jihar Victoria ta Ostareliya, ranar 25 ga Satumba 1998. Famfunan da ke zagaya da man ɗumi suka tsaya na awanni, shi kuma ruwan gas mai sanyi yaci gaba da bi ta cikin na'urorin musayar zafi, har wata ta kai wajen -48, ƙanƙara ta fito a jikin kayan aiki kowa yana gani. Da aka tada famfo man ɗumi ya shiga, na'urar ta fashe, gas ya fita ya kama wuta. Mutum 2 suka rasu, 8 suka ji rauni, jihar tayi kusan sati biyu babu gas. Hukumar binciken da aka kafa ta gano ma'aikatan ba a koya musu cewa sanyi irin wannan yana mayar da ƙarfe mai gautsi ba. Ba sakarkaru bane, mutane ne masu ƙoƙarin dawo da aiki, ilimin ne ba a basu ba.

Dan haka Malam in kaga ƙanƙara a inda ba a saba gani ba, kar ka mayar da matsi, kar ka turo zafi dan ka narkar da ita, ka tsayar ka kira injiniya a bar ƙarfen ya ɗumama a hankali. Ka tambayi shugabanninka ko akwai jadawalin da ya nuna matsin da aka yarda a kowane mataki na sanyi, in babu a nemi a yi, haƙƙinku ne ku sani.

TAMBAYA: Oga faranti yazo da Charpy ɗinsa lafiya lau, me yasa kuma ake cewa sai an sake gwada walda? Shekara da shekaru ina ƙona E7018 ban taɓa samun matsala ba.
Daga wani mai walda

AMSA: Sannu da ƙoƙari maigida. Satifiket ɗin faranti yana magana ne kan faranti kamar yadda ya fito daga kamfani. Da ka ɗora masa wuta ka samar da sababbin ƙarafa biyu da wancan takardar bata sansu ba, ɗaya naman waldar da ka zuba, ɗaya kuma ɗan siririn yankin da ke gefenta wanda bai narke ba amma ya gasu. A wannan yankin ƙwayoyin da aka sha wahala aka ƙanƙanta da nomalaizin suna iya sake girma, kuma nan ne tsaga tafi son farawa. Shi yasa in ana buƙatar gwajin, lokacin tantance tsarin walda ana yanko samfur daga naman waldar a kuma yanko daga gefenta, wani aikin ma har sai an haɗa farantin gwaji a jikin tankin a yi masa walda tare.

E7018 sanda ce mai kyau amma a -30 ake tantance ta, mai lamba E7018-1 ita ce ake gwadawa a -45, dukkansu jul 27. Wannan ƴar lambar ta ƙarshe kar a raina ta. Sannan hannunka yana da tasiri fiye da yadda kake zato. In ka ƙara wuta ka rage gudu kana kaɗa hannu da faɗi dan ka cike ramin da wuri, zafin da ke shiga ƙarfen yayi yawa, ya huce a hankali, ƙwayoyi su girma, juriya ta faɗi, alhali a ido waldar tayi kyau kuma hoto zai wuce. Siraran layuka da yawa sun fi, domin kowane layi yana gyara ƙwayoyin na ƙarƙashinsa. A sashe na IX na ASME, idan aiki na buƙatar Charpy, wuce zafin da aka tantance tsarin da shi yana nufin sai an sake tantancewa. Ka riƙa auna zafi tsakanin layi da layi, sandunanka kuma su zauna a cikin oban, danshi yana kawo haidurojin, shi kuma yana haifar da tsagar da sanyi yake jira.

TAMBAYA: Ƙarfen kabon na sanyi zai iya ɗaukar ruwan naitirojin ko LNG?
Daga wani mai karatu

AMSA: A'a, ko kusa. Wanda ake kira ƙarfen kabon na sanyi wajen -46 yake tsayawa. LNG, wato gas ɗin da aka sanyaya ya koma ruwa, -162 ne, ruwan naitirojin -196. Daga nan sai ƙarfe mai nikel, mai kashi 3.5 cikin ɗari yana kaiwa wajen -101, mai kashi 9 yana kaiwa -196, ko sitenles irin 304, ko alminiyam, su waɗannan biyun jerin atom ɗinsu daban ne basa yin wannan faɗuwar kwatsam. A Oktoban 1944 a birnin Cleveland tankin LNG da aka yi da mai nikel 3.5 ya fashe, kusan mutum 130 suka mutu. In mai nikel 3.5 bai iya ba, na kabon zalla ba a ma maganarsa.

TAMBAYA: Injiniya zane ya nemi filanjin LF2, babu shi a sito, akwai SA-105 girma ɗaya aji ɗaya. Shugabana yace a saka kawai ai duk ɗaya ne. Sannan muna da wani tsohon tanki da babu MDMT a allonsa sam. Yaya zan yi?
Daga wani matashin injiniya

AMSA: Ƙanena kar ka saka. A ido ɗaya suke, kusoshi zasu shiga, ƙarfin jansu ma kusan ɗaya, amma LF2 an gwada shi a sanyi, SA-105 ba a buƙatar a gwada shi. An sha samun filanjin SA-105 masu manyan ƙwayoyi da suka faɗi gwajin Charpy a sanyin da bai kai ya kawo ba, har ta kai a bugun 2019 ASME ta tsaurara, wanda aka bari yadda aka ƙera shi ba a gasa ba aka mayar da shi layin A. Tanki kuwa MDMT ɗinsa na ɓangaren da yafi rauni ne, faranti na -46 da filanji ɗaya mara juriya, tankin gaba ɗaya ya koma matsayin filanjin. Nasan faɗa wa na gaba da kai a'a akwai nauyi, ba sai kayi gardama ba, ka rubuta cikin ladabi cewa canjin kaya yana buƙatar amincewar mai zane da insifekta a rubuce, ka miƙa. In LF2 ɗin ya iso ka duba lambar narkin da aka buga a jikinsa tayi daidai da ta satifiket, ka duba a wane sanyi aka gwada, domin aji na 2 a -18 ake gwada shi ba -46 ba.

Tsohon tankin kuma ba abin mamaki bane, dokokin UCS-66 sai a ƙarshen shekarun 1980 suka shigo, tankunan da suka girme su da yawa babu wannan lambar. Kashi na 3 na API 579, ƙa'idar duba ko kayan da ke kan aiki zasu iya ci gaba da aiki, an yi shi ne saboda irinsu. Ku nemo takardunsa a san wane ƙarfe ne da kaurinsa da ko an gasa shi bayan walda, in ba a san ƙarfen ba a ɗauke shi a matsayin layin A, sai a kwatanta da mafi tsananin sanyin da zai iya gani har da na saukar matsi. Kafin a gama wannan lissafin, in za ku masa gwajin ruwa kar ku cika shi da ruwa mai sanyi, doka tana bada shawarar jikin ƙarfen ya haura MDMT da aƙalla digiri 17 lokacin gwajin, tunda naku ba a san nasa ba sai a fitar da lambar tukunna sannan a ɗora famfo.